Sai Alhaji Ya Warke Za Su 'Yantu

Da sunan Allah, wanda yake saukar da cuta, yake kuma ba mai jinya ƙarfin ƙugu. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ni mutuniyar Tsiga ce, matar Alhaji mai rinji, wato ƙauyen bayin noma, a hanyar Danja. Ban san baƙi ba sai da furfura ta fara fito mini, lokacin da maigidana ya tafi Makka ya daɗe, na bi matan da ke zuwa ɗaukar karatu wurin wata tsohuwar malama a Bakori. Wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri, hannun ya tsufa ne a kan mazari. Na rubuta wannan don masu dukiya da ke da niyyar alheri suna cewa sai an kwana biyu, da kuma matan da jinya za ta faɗo wa.

Alhaji ya dawo ta hanyar Tarabulus bayan an yi girbi. Ya rame, amma ba ramar ce ta dame ni ba. Ran da ya sauka, Dangana, baiwar da ke aikin cikin gida tun tana budurwa, ta kawo masa ruwan alwala za ta zuba masa kamar yadda aka saba. Sai ya karɓe butar daga hannunta, ya ce ta je ta zauna. Ta dube ni, na dube ta.

Da baƙi suka ragu na tambaye shi. Ya ce a hanyar Madina ya yi abokin tafiya, wani Musulmi farke daga ƙasar da ake kira Rasha, can gaba da Istambul, inda sanyi ke daskarar da kogi har a bi ta kansa da doki. Da Larabci suke hira. Mutumin ya ba shi labarin wani Banasare a ƙasarsu, ɗan gidan sarauta, mai gonaki ba iyaka, wanda ke rubuta dogayen hikayoyi a kan mutanen da ba a taɓa haifa ba, jama'a na karantawa suna hawaye. Da ya manyanta sai ya ce ƙasa ta Allah ce, ba ta wanda ya kewaye ta ba. Ya ce duk mai cin gumin wani yana zaune a inuwa, ibadarsa ado ce. Ya ce ba a rama mugunta da mugunta. Ya cire tufafin sarauta, ya shiga gona da manoma, ya hana kowa kwashe masa ƙazantarsa. Malaman addininsu suka yi fushi da shi.

Na ce, "To tatsuniya ke nan ta manya. Gizo ne babu."

Ya ce, "Abokina ya ba ni wasu daga cikin hikayoyin da baki. Attajirai ne a ciki, masu ladabi, masu ibada, ba su zagi, ba su duka. Amma ba su san sunan 'ya'yan mai kawo musu ruwa ba. Na zauna a kan raƙumi ina ƙoƙarin tuna sunayen 'ya'yan Dangana, na kasa."

Na ce, "Shi mai hikayar, matarsa me ta ce?"

"An ce kullum cikin faɗa suke."

"Allah ya ba ta haƙuri. Na san abin da take gani."

Ya yi dariya, sannan ya ce zai 'yanta mutanen rinjinsa duka. Ya ce abin da ya fi ba shi kunya shi ne falalar 'yanta bawa tana cikin Littafinmu, ya karanta ta tun yana yaro, ya karantar da ita, amma sai da ta zagayo ta bakin baƙo daga ƙasar ƙanƙara sannan ta shige shi.

Ga inda aka yi kuskure. Bai yi ba a lokacin. Ya ce bari a gama sussuka. Aka gama, ya ce bari a kai auduga Maska. Aka kai, ya ce bari ya shawo kan babban ɗanmu, wanda ya riƙe gidan duk shekarun da ba ya nan. Ɗan fari ne, ba na kama sunansa, ba kuma zan rubuta shi ba. Ana cikin wannan jan ƙafa, da zafin bazara ya kunno kai, ciwo ya shigo.

Makon farko murɗar ciki ce da gudawa. Muka ce canjin ruwa ne, na jiƙa masa sabara. Juma'a ba ta zagayo ba sai ga jini da majina, ya zama atini sosai. Tun yana iya kai kansa bayan gida da sanda har ya kasa, aka ajiye masa kasko a ɗaki. Dangana ta zo ɗauka, ya ce kada ta taɓa. Na ce to wa zai ɗauka? Ni na ɗauka. Ni da ko tsintsiya ban riƙe ba tun da aka kawo ni gidan, na koma kwasa, da wanki, da shanya, safe da rana da yamma, bayi cike da gida suna kallona.

Ban yi shiru ba. Wata rana ina goge masa jiki na ce, "Alhaji, ka kwance Dangana ka ɗaure ni. Haka mutumin naka ya koyar?"

Ya ce, "Shi da kansa yake kai nasa."

"To kai ma tashi ka kai."

Maganar ta shige shi. Washegari ya rarrafa da kaskon zai kai da kansa, ya kife shi a bakin ƙofa. Aikina ya zama biyu. Na ce masa don Allah ya bar wa mutumin Rasha halinsa, ni na yarda zan ɗauka.

Dangi suka zo da shawara, kowa da tasa. Yayarsa, Iya Asabe, ta taso daga Danja ta tare a gidan. Ta ce iskar teku ya kwaso, ta cika ɗaki da hayaƙi har yana tari. Ta sa aka kira wanzami ya yi masa ƙaho a baya. Ina gargaɗin duk mai karanta wannan: mutumin da jini ke fita ta ƙasa, kada a ƙara zuƙe masa ta sama. Bayan ƙahon nan ya kwana biyu bai san wanda ke kansa ba. Rubutun sha kuwa na karɓa da hannu biyu, liman ya kyauta mana, bai nemi komai ba. Masu saiwoyi su ne suka cinye mini akuyoyi da zannuwan saƙi da nake ajiya, kowa ya ce nasa sha ɗaya ne.

Da ya farfaɗo daga wahalar ƙaho, tsoro ya kama shi. Ya sa aka kira liman da dattawan unguwa da babban ɗansa, ya ce su shaida, duk wanda ya mallaka, na rinji da na gida, ya 'yanta shi saboda Allah. Liman ya sunkuyar da kai, ya ce magana ta yi kyau, sai dai akwai hukunci a kan kyautar majinyaci, a tambayi alƙali a Malumfashi.

Dama ana ta ba mu labarin wata tsohuwa a can da ta san ciwon ciki. Muka ɗora shi a kan takarkari, san ɗaukar kaya, aka tallafe shi ta kowane gefe, muka tafi muna yada zango. Ƙofar tsohuwar cike take. Mun wuni a gindin tsamiya tare da masu kumburi da masu kurkunu da mata riƙe da yara, ba wanda ya ce wannan Alhaji ne a ba shi hanya, kuma shi ya hana a faɗa. Sai bayan la'asar muka shiga. Ta danna cikinsa, ta duba idonsa da harshensa, ta tambayi abin da aka ba shi. Da na lissafa mata sai ta ce, "Ku kun fi ciwon ƙarfi. Ki mai da shi jariri. Abin da jariri ba zai sha ba, kada ya wuce maƙogwaronsa." Ta ce ruwa sai an tafasa, a jefa ɗan gishiri. Kunu marar tsami, salala, a riƙa ba shi da ludayi kaɗan-kaɗan ko ba ya so. Dafaffen ruwan bagaruwa safe da yamma. Ta karɓi kaza ɗaya. Allah ya saka mata.

Alƙali kuwa ya zo masaukinmu da kansa, don ya san Alhaji tun suna neman karatu. Kalmarsa ta zauna mini a kai har yau: maradul mauti, wato ciwon da ake tsoron ajali a cikinsa. Ya ce wanda ke kwance irin wannan kwanciya ba shi da iko a kan dukiyarsa sai kashi ɗaya cikin uku, sauran hakkin magada ne. Maganar da ya yi tana nan a rataye. In ya warke, kowa ya 'yantu. In ya rasu a wannan ciwon, za a jefa ƙuri'a a tsakanin bayin, kashi ɗaya ya fita, kashi biyu a raba gado.

Alhaji ya ce, "Ƙuri'a? Uwa ta fita a bar 'ya'yanta?"

Alƙali ya ce, "Da ka faɗa ran da ka sauka daga Makka, da ba mai tambayata."

Muka dawo Tsiga, labari ya riga mu isowa. Daga nan jinyar ta canza kama. Kowace safiya mutanen rinji sai sun biyo ta ƙofar gida kafin su wuce aiki, su tsuguna a zaure su tambayi jiki. Dangana tana da miji a rinji da 'ya'ya, har da na goye. An hana ta taɓa komai na Alhaji, sai ta koma tsayuwa a bakin madafa tana kallon hannuna.

Ta ce, "Uwargijiya, kunun nan ya yi kauri."

Na ce, "Ke za ki koya mini damun kunu?"

"Ni na saba dama shi a gidan nan."

"Miji nawa ne ko naki?"

Ta ce, "Ke mijinki kike jinya. Ni 'ya'yana ne kwance a ɗakin can."

Ban taɓa jin ta mayar mini da magana ba sai ran nan. Na ƙara ruwa a kunun.

Ba zan ɓoye ba, na san abin da warkewarsa za ta jawo mini. Tumunin gado, kashi ɗaya cikin takwas, nawa ne in ya rasu, in kuwa ya tashi, na tashi matar malamin da ba shi da mai noma masa. Na auna, na ga miji nake so, ko da zai tashi ya talauta ni. Ɗanmu kuwa nasa nauyin ya fi nawa. Ba mugu ba ne, shi yake ɗaga ubansa in za a canza shimfiɗa, shi yake neman itacen tafasa ruwa. Amma yana da iyali, ga ƙanne mata da aka aurar suna dawowa neman hatsi, ga hatsin da ake kai wa masu ƙasa kowace kaka, ga gyaran ganuwa saboda mahara. Na ji shi yana gaya wa Iya Asabe cewa wani Banasare da ba a san ko akwai shi ba ya zauna a ƙasarsu ya rushe gidan mutane a Tsiga.

Sati ya bi sati, jinin ya ɗauke, gudawar ta ragu. Ya fara zama da kansa, yana jingina da bango. Sai Iya Asabe ta ga ƙanenta ya koma ƙashi da fata, tausayi ya kama ta, ta faki idona ta ba shi dambun nama mai yaji da fura mai tsami. Kafin magariba komai ya dawo sabo, har ƙafafunsa suka kumbura. Na gaya mata magana ran nan wadda har yanzu ba ta gama yafe mini ba, na sa aka raka ta Danja. Mai jinya ta sani, mai ƙaunar majinyaci yakan fi maƙiyinsa haɗari. Muka koma farko, ludayi-ludayi.

Ruwan shuka ya sauka yana kwance. Aka yi noman farko yana takawa zuwa zaure. Lokacin huɗa ya yi yana zuwa masallaci, mutum biyu na riƙe da shi. Mutanen rinji suka fara cewa ya warke. Ɗanmu ya aika Malumfashi cewa bai warke ba, ciwon ne ya lafa kamar yadda ya lafa a baya. Duk wanda ya zo gaisuwa, uban ya ce da sauƙi, ɗan ya raka shi waje ya ce jikin dai sai addu'a.

Alƙali ya turo muhutinsa, mai taimaka masa a shari'a. Ya zauna a zaure ya saurari kowa, ni ina bayan ƙofa. Ya ce da sauƙi ba shaida ba ce, wanda ake wa kalmar shahada ma haka yake amsawa. Abu biyu ne, ko a ga Alhaji yana aikin masu lafiya da ƙafarsa da hannunsa, ko magada su yarda da bakinsu.

Na ɗaga murya na ce ni na yarda. Muhuti ya ce saura mai babban rabo. Ɗanmu bai ba da tasa yardar ba.

Alhaji ya ce, "To gobe a zo gona. Zan yi huɗa."

Mutumin da bai taɓa riƙe garma ba tun haihuwarsa. Na yi masa faɗa, na roƙe shi, na ce ya hau doki ya zaga gari ya isa. Ya ce doki ne zai yi aikin, ba shi ba, kuma ya gaji da hakan.

Da hantsi aka taru a gonar dawa ta bakin rinji: muhuti, liman, dattawa, ɗanmu, mutanen rinji a gefe guda. Na lulluɓa na tsaya a gindin ɗorawa. Mijin Dangana ya miƙa masa garma, ya nuna masa yadda ake riƙewa. Ya sara, ƙasa ta tashi kaɗan. Ya sake. Huɗar tasa a karkace, yara ma sun fi shi, amma yana ci gaba. Bai yi nisa ba gumi ya jiƙa rigarsa. Ya durƙusa. Wani ya matsa zai kama shi, ya ce a bar shi, in an taɓa shi shaida ta ɓaci. Ya dafa garma ya miƙe, ya sara, ya sake faɗuwa. Leɓɓansa suka yi fari irin na ran ƙaho. Sai ya ci gaba a durƙushe, yana jan ƙasa da guiwa a ƙasa.

Na san jikin nan fiye da kowa, ni na gina shi da ludayi. Na san ba zai kai ƙarshen gonar ba, kuma ba zai tsaya ba.

Tun da na haifi yaron nan ban taɓa tsayawa gabansa na dubi idonsa na yi masa magana ba, sai dai ta bakin wani. Ran nan na ratsa maza na je na tsaya.

Na ce, "Kai. Ubanka zai mutu a cikin dawar nan. In ya mutu, ka ci gado. Ka duba da kyau, don ka san abin da ka ci."

Ya dube ni kamar bai san muryata ba. Ya dubi uban. Sai ya juya wurin muhuti ya ce, "Malam, Baba ya warke."

Muhuti ya ce, "Ka ga lafiya a nan?"

"Na ce ya warke. Na yarda da abin da ya yi, duka. Ku shaida."

Ya tafi ya zare garmar daga hannun ubansa, ya goya shi a baya kamar yaro, ya nufi gida. Ba wanda ya yi guɗa. Liman ya ɗaga hannu aka shafa fatiha.

Huɗar nan ta mai da Alhaji shimfiɗa har aka fara cin sabuwar masara. Na sake mai da shi jariri, ya sake tashi. Ya yi wata damina a duniya, ya koyi noma daidai gwargwado, yana karantar da yara da safe. Zazzaɓi ne ya ɗauke shi daga baya, ba cikin ba. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa wahalar da ya ba ni. Gidanmu ya ragu, ba mu roƙi kowa ba, amma tuwon da ake fitarwa zaure ba kamar da ba. Ɗanmu yana noma da hannunsa tare da waɗanda suka zaɓi zama, ana raba amfani. Ba ya son a tayar da zancen, ni ma ba na tayarwa.

Mutumin Rasha mai hikaya ban san ko yana raye ba, ban kuma san abin da Allah zai yi da shi ba, wannan ba nawa ba ne. Abin da na sani, magana mai kyau tana da arha a bakin mai lafiya, in ya bari sai ya kwanta, wasu ne za su biya ta. Wanda ya yi niyyar sakin wani abu ya sake shi yana tsaye da ƙafafunsa.

Da yawa daga mutanen rinji sun tafi bayan kaka, wasu kudu neman danginsu, wasu ban san inda suka nufa ba. Dangana tana cikinsu. Na ɗaure mata zane da ɗan gero, na zaci za ta durƙusa ta yi kuka, mu yafi juna, ta sa wa Alhaji albarka. Ta karɓa ta ce an gode. Ta gyara goyonta, ta tasa sauran 'ya'yan a gaba, ta bi mijinta. Na tsaya a ƙofar gida ina jira ta waiwayo, raina yana ɓaci, har na buɗe baki zan kira ta. Sai na tuna yanzu ba baiwata ba ce, ba ni da abin da zan kira ta da shi kuma. Ta sha kwanar rumbuna, ba ta waiwayo ba.

Nan na ajiye alƙalami. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya ba masu jinya haƙuri fiye da nawa.